Koya wa babban kare tsare kurege a gindin bishiya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce maƙwabcinka a jihar Tenesi ta Amurka ya bar maka kare ɗan shekara uku, jinin cur (wani irin karen farauta na Amurka), yana bin kurege a guje amma da kuregen ya haye bishiya sai karen ya juya abinsa, ko haushi ɗaya ba ya yi. Kana tambaya ko ya wuce koyo, har ka kawo maganar icce tun yana ɗanye. To ni dai na jima ina wannan farauta a gabashin jihar, kuma bai wuce ba. Shekara uku ba tsufa ba ne ga kare. Abin dubawa shi ne me aka yi da shi cikin shekarun nan, saboda haka koma wurin maƙwabcin ka tambaye shi.

In zomo aka saba bi da shi, ka shirya wa doguwar tafiya, domin karen zomo kullum hancinsa a ƙasa yake, bai san ana ɗaga kai ba. In kuwa an taɓa fita da shi farautar rakun (wata dabbar dare mai hawa bishiya), ka tsinci dami a kala: ya riga ya san tsayawa a gindin bishiya, sauya masa nama kawai za ka yi. Jininsa ma yana tare da kai. Karnukan Mountain Cur da ƙananan nan da ake kira feist, mutanen duwatsun Afalashiya na gabashin Amurka don irin wannan aiki suka riƙe su, kuma tun 1957 masu kiwon Mountain Cur suka kafa ƙungiya don kada irin ya ɓace.

Kafin ka shiga daji da shi, ka tabbata in ka kira yana zuwa. Sannan ka gwada shi da ƙarar bindiga, amma ba a kansa ba. Ka sa wani ya harba ƙaramar bindigar nan da ake kira .22 daga nesa lokacin da kake wasa da shi ko yana cin abinci, ana matsowa kaɗan-kaɗan a kwanaki daban-daban. In ya sa wutsiya a tsakanin ƙafafu ya nufi mota, dakatar da maganar kurege tukuna. Babban karen da aka firgita da bindiga ya fi wanda bai san komai ba wuyar gyara.

Yanzu ga gundarin aikin. Mu da muka taso muna ganin kuregen gida yana faɗawa rami kare na tono, sai mu ɗauka hanci ne komai. Kuregen nan mai ruwan toka sama yake gudu, kuma karen kirki da hanci da ido da kunne yake aiki gaba ɗaya. Naka yana juyawa ne don a wurinsa nama ya ɓace da zarar ya bar ƙasa. Dole ka nuna masa bai ɓace ba. Da kuregen ya hau, kai ka fara isa gindin bishiyar. Kira shi, sa masa igiya, ka riƙe shi a nan. Bubbuga jikin bishiyar da sanda, in akwai kurangar daji da ta naɗe ta ka jijjiga, ko ka sa abokin tafiya ya zagaya ta baya, domin kurege mannewa yake yi a gefen da ba ka gani. Da ya motsa ɓawo ya fara zubowa, za ka ga kunnuwan karen sun miƙe, ya ɗaga kai. Nan ne wurin zuga. Tafa bishiyar, ɗaga murya, sa shi ya ɗora ƙafafun gaba a jikinta. Ko ɗan kuka ya yi, yaba masa sosai. Sannan ka harbo kuregen ya faɗo gabansa, ka bari ya cafke ya girgiza, ka karɓe. Ranar da ya gane cewa tsayawarsa ce ke sauko da nama, rabin aikin ya ƙare.

Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. A Tenesi ana buɗe farautar kurege Asabar ta huɗu a watan Agusta, amma a lokacin ganye ya rufe ko'ina, kai ba ka gani, shi ba ya gani, ga zafi ga kaska. Bari sai Nuwamba, ganye ya zube, kurege ya sauko ƙasa neman 'ya'yan itatuwan oak da hikori da ya binne. Fita da sassafe ko da la'asar, kuma ka nemi dajin da kurege ya yi yawa ko da ƙaramin wuri ne. A tsakar gida ba a koyon wannan. Jan wutsiyar kurege a ƙasa a rataye ta a reshe yana da ɗan amfani a farko, daga nan sai ya zama wasa. Masu kama kurege da rai a keji su nuna wa kare kuwa, ka fara tambayar hukumar namun daji ta jihar, TWRA, don akwai doka kan riƙe naman daji da rai.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka yabe shi a bishiyar da ba ka ga kurege ba. Babban kare ya san mutum, ya san abin da ke faranta maka rai. In ya lura duk inda ya yi haushi kana shafa masa kai, zai fara yi maka ƙarya, ya zaɓi kowace bishiya ya kafa haushi, kai kuwa ka sha hawan tudu a banza. Amma kafin ka yanke masa hukunci ka duba da kyau. Sau da yawa gaskiyarsa ce, kuregen ya bi ta rassa ya tsallaka bishiya ta uku, ko ya shige kogo, ko yana kwance cikin sheƙar ganyen da suke yi a sama. In ka ga kogo, ɗan shafa karen ku wuce. In babu komai, ja shi shiru ku tafi, ba yabo ba duka. Duka a gindin bishiya ba abin da yake koya wa kare sai gudun bishiya.

Za a ce maka ka haɗa shi da ƙwararren kare. Shawara ce mai kyau, haushi yana yaɗuwa tsakaninsu, kuma shi ne hanya mafi sauri ta buɗe bakin kare mai shiru. Sai dai kada abin ya daɗe. Na sha ganin karen da ya zama ɗan amshin shata, ba ya neman komai, jira yake ɗan'uwansa ya yi haushi ya rugo ya taya. Da ya fara kamawa, raba su.

Barewa ita ce za ta ba ka ciwon kai, don dajin nan cike yake da su. Abin wuya mai GPS irin na Garmin yana da tsada, amma ya fi kwana neman kare a daji. In kana amfani da abin wuya mai jan lantarki, a kan bin barewa kaɗai, ko kusa da bishiya kada ka danna shi.

Wani karen fa har abada ba zai yi haushi ba, zai dai zauna a gindi yana kallon sama. Ni ban raina irin wannan ba. Da ƙararrawa a wuya ko GPS za ka same shi, tukunya kuma ba ta tambaya. Ba shi hunturu guda cikakke kafin ka ce ya gaza.

Ka yanki lasisi, in an haife ka daga 1 ga Janairu 1969 zuwa yau sai ka yi kwas ɗin mafarauta, iyakar kamu goma ne a rana, kuma kada ka shiga filin mutum ba izininsa. Ka tafi da wuƙa mai kaifi, ka yi bisimilla kafin harbi, wanda ka tarar da sauran rai ka yanka nan take. Ni ba na barin kare ya ci daga abin da ya kama, ladarsa daban nake zuwa da ita a aljihu. In ka ji daga maƙwabcin, faɗa mana abin da aka saba bi da shi, sai mu san ta inda za ka fara.