Tambayoyinku Kan Fasaha: Duba Injinan Makaranta Daga Gida

Tambaya daga Agege: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wata makarantar Islamiyya. Muna da janareta da inbata da mitoci uku, duk sun kwana biyu. Ina son in riƙa ganin halin da suke ciki a wayata ko ina gida. Wani yaro ya ce zai buɗe mana ƙofa a rautar ofis, shi ke nan. In ba shi kuɗin?

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna, za mu zo kan yaron.

Fara leƙa bayan allon sarrafa janaretan. In ka ga ramukan waya da aka rubuta A da B, ko RS-485, aiki ya zo da sauƙi. Allunan kamfanin Deep Sea irin su samfurin 7320 suna da su, haka mitocin masana'antu da dama. Ban da mitar kamfanin wuta mai kati, wannan ba a taɓa ta. Harshen da irin waɗannan na'urori ke ji shi ne Modbus. Ka aika Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba a sayo akwatin tafinta mai juya RS-485 zuwa Ethernet (wayar da ake jonawa a rauta), da waya mai murɗaɗɗen zare biyu da rigar kariya, da rezista biyu ('yan na'urorin rage gudun wuta) masu awon om 120.

A ja wayar daga wannan na'ura zuwa ta gaba kamar ƙwayoyin carbi, ban da rassa, a sa rezista ɗaya a kowane ƙarshe. Layin na iya kai tsawon mita 1,200, ya ɗauki na'ura 32. Kowacce a ba ta lambarta daban tsakanin 1 da 247, duk kuma a saita su kan gudun aika bayani ɗaya, galibi 9600. In an gama aka ji shiru, a musanya A da B. Kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne wanne ba, musanyawar kuma ba ta ƙona komai.

To, yaron naka. Ƙofar da yake nufi hanya ce a rauta da za ta bari a iso injinanku daga intanet. Kamfanin Modicon ne ya fito da Modbus a 1979, lokacin da babu mai tunanin jona inji da intanet. Ba shi da kalmar sirri, ba ya tambayar ko kai wane ne. Duk wanda ya isa ƙofa mai lamba 502, wadda Modbus ke amfani da ita, zai karanta, zai kuma iya ba da umarni: ya sauya saiti, ko ya kashe janareta ana tsakiyar jarrabawa. Na san abin da za a ce, "wa ya damu da 'yar makarantarmu?" Ai ba mutum ne ya zauna yana nemanku ba. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, akwai ma shafin Shodan da aikinsa ke nan, jera na'urorin da aka bari a buɗe. Abin dariyar, in rautarku mai sim ce, galibi ba ta da adireshin waje nata na kanta, kamfanin layi ya haɗa ku da wasu a kan guda. Ƙofar ba za ta yi aiki ba, kuɗi kuwa sun tafi.

Abin yi shi ne VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro tsakanin wayarka da ofis. A ajiye ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a ofis, a sa mata manhajar VPN ta Tailscale, a sa a wayarka, ba tare da buɗe ƙofa ko ɗaya ba. A raba injinan da Wi-Fi ɗin malamai da ɗalibai. A canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, kuma don Allah ba sunan makaranta da 123 ba. Ni dai shawarata kullum a tsaya kan dubawa kawai, kunnawa da kashewa a bar wa mai gadi. Rauta da akwatin su zauna kan batir, in ba haka ba, lokacin da aka ɗauke wuta, lokacin da ka fi buƙatar gani, shi ne za ka makance.

Tambaya daga Idi-Araba: Injin tura ruwanmu tsoho ne, ba shi da wani ramin waya. Sai mun sayi sabo?

A'a, Hajiya. Makunni mai iyo a cikin tanki, da na'urar awon wuta mai cizon waya a kan layi ɗaya na injin, sai ƙaramin akwatin Modbus da zai karɓi bayanansu. Mai aikin wuta ya ɗaura, ba ɗalibai ba.

Tambaya daga Mile 12: Duk damina sai akwatinmu ya ƙone. Wayar ta tashi daga wannan gini zuwa wancan.

Tsawa ce, Alhaji, kai kuma ka shimfiɗa mata hanyar jan ƙarfe. Tsakanin gini da gini a ja faiba, wato wayar zaren gilashi, gilashi kuwa ba ya ɗaukar wuta. In aljihu bai kai ba, a sayi akwati mai keɓe wuta, a sa makarin tsawa a ƙarshe biyun, rigar wayar kuma a haɗa ta da ƙasa ta gefe ɗaya tak. Ethernet ma kada ta wuce mita 100.

Tambaya daga Obalende: Wata guda komai lafiya, jiya kwatsam na daina ganin komai.

Ɗan'uwa, sa wa sim ɗin rautar data.