Hoto ya nuna ƙari a saman ƙodata, me ya hana a cire shi?

Tambaya: Likita, shekaruna 43. Magungunan hawan jini kala uku nake sha amma jinin ya ƙi sauka, ga kasala da yawan fitsarin dare. An ce fotasiyam ɗina ya yi ƙasa, hoton CT kuma ya nuna ɗan ƙari a saman ƙodata ta hagu. Na so a yi tiyata in huta, aka ce sai an ƙara gwaji. Anya ba jan rai ba ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Likitocinki sun yi daidai.

Kowace ƙoda tana da wata 'yar tsoka a kanta mai suna adrenal, wadda ke fitar da sinadarin aldosteron. Idan ya yi yawa, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam, sinadarin da tsokoki ke buƙata don aiki, a fitsari. Kin ga inda kasalar ta samo asali. Wani likita ɗan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana cutar a 1955, kuma ana samunta a kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda jininsu ya gagari magani. Abin da ke damuna shi ne ba a cika nemanta ba, alhali ɓarnar da take yi wa zuciya da ƙoda ta fi ta hawan jini na gama-gari. Yawancin masu ita ma fotasiyam ɗinsu lafiya lau yake.

Da jini ake fara bincike. Ana ɗiba da safe a auna aldosteron da renin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don sa adrenal ta saki aldosteron: idan na farko ya hau, na biyu ya kwanta, zargi ya yi ƙarfi. Gwajin yana da saurin ruɗewa. Sai an gyara fotasiyam tukuna, kada kuma ki rage gishiri a kwanakin. A cikin magungunan hawan jini, atenolol da danginsa suna danne renin, masu sa fitsari da irin su lisinopril suna ɗaga shi, spironolactone kuwa, mai toshe aikin aldosteron, akan dakatar da shi kamar mako 4. Likita ne zai canza miki su. Kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya da kanki. Wani lokaci a biyo da ƙarin ruwan gishiri, lita 2 cikin awa 4. Aldosteron na mai lafiya zai sauka, na mai cutar ba zai sauka ba.

Sai batun ƙarin. Mutane da yawa suna yawo da irinsa a jikin adrenal, musamman idan shekaru sun ja, kuma ba ya fitar da komai. Hoto girma kawai yake nunawa, ba ya faɗin wa ke aikin. Yana iya yiwuwa na hagun baƙo ne da ba ruwansa, mai laifin yana dama, ko kuma ɓangarorin biyu ne duka. Idan aka cire na hagu a haka, an yanka ki a banza. Shi ya sa ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a ɗebi jini daga jijiyar kowace adrenal a kwatanta. Akan ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 35 wannan gwajin idan alamominsu sun fito fili, amma ke kin wuce nan. Kafin wuƙa kuma dole a auna wasu sinadarai biyu, kotisol da metanefrin, domin akwai ƙarin da ke fitar da adirenalin, sinadarin da ke ɗaga bugun zuciya da jini, wanda taɓa shi ba shiri kan iya kashe mutum a kan gadon tiyata.

Idan ɓangare ɗaya ne, ana cire shi ta 'yan ƙananan huji a ciki. Fotasiyam yakan daidaita kusan a kowa. Jinin yakan sauka a mafi yawa, sai dai waɗanda ke rabuwa da magani gaba ɗaya ba su kai rabi ba, don haka kada ki sa ran jefar da ƙwayoyinki washegari.

Idan biyun ne, ko ba a samu inda ake gwajin jijiyar ba, magani ya wadatar. Spironolactone ake farawa da shi, miligiram 12.5 zuwa 25, a riƙa duba fotasiyam da aikin ƙoda. Yakan rikita al'ada, a maza kuma ya kumbura nono, sai a koma eplerenone. Idan kina neman haihuwa, ki faɗa wa likita kafin ya rubuta miki shi.