Ku Tambayi Mama: Albashina ba ya kai goma ga wata, la'ana ce?

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kafanchan, ina da mata da 'ya'ya uku, albashina Naira 92,000. A da ina haɗawa da noman citta, amma tun da cutar nan ta cinye mana gonaki a 2023 ban sake farfaɗowa ba. Yanzu kuɗi ba sa kai goma ga wata a hannuna. Na ci bashi a manhajojin waya guda uku, suna bi na kusan Naira 140,000, har sun tura wa wani dattijon ikkilisiyarmu saƙo wai ni ɓarawo ne. Matata ba ta san da bashin ba. Ina ɗan taɓa cacar ƙwallo, kamar Naira 700 a rana, da fatan wata rana in ci in biya su gaba ɗaya. Ina ba da zakka, na yi azumi, na je addu'ar dare ba iyaka. Wani mai addu'a ya ce la'ana ce daga gidan mahaifina, tunda shi ma da bashi ya rasu, kuma sai na shuka iri, wato in ba shi baikon Naira 50,000, kafin ta karye. Mama, in ranto in shuka?

Ɗanki daga Kafanchan

AMSA

Ɗana, kada ka ranto. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba, ka riƙe shi. Mutumin da ya ji ana bin ka Naira 140,000, ya kuma ce ka ƙaro 50,000 ka kawo masa, ba ya tausayin 'ya'yanka. Manzo Bulus ya faɗa wa Korantiyawa cewa bayarwa abar karɓa ce gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba (2 Korantiyawa 8:12). Kuɗin rance ba naka ba ne.

Ba na raina wahalarka. Duk wanda ya san Kachia da Jaba da Kagarko ya san irin kukan da manoman citta suka yi a 2023. A shekarar nan kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Zuwa Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Naira 92,000 ga mutum biyar ƙaramin kuɗi ne, wannan ba laifinka ba ne. Amma akwai abin da yake hannunka, kuma a kansa za mu yi magana.

Batun la'ana tukuna. Karanta Ezekiyel sura 18. Ubangiji ya faɗa a fili cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin mahaifinsa ba. Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana. In jininsa ya isa, wace Naira 50,000 ce za ta ƙara masa ƙarfi? A zaman da na yi da ma'aurata a ikkilisiya, abin da na ga yana bin jini daga uba zuwa ɗa shi ne hali. Yaro ya tashi yana ganin babansa ya karɓi albashi ya zauna da abokai kwana uku, daga nan a koma cin bashi a shago. Ba wanda ya koya masa da baki, amma ya koya. Ka tuna yadda marigayi yake yi da kuɗi in sun shigo, ka kwatanta da yadda kake yi. Ina jin za ka ga kamanni. Abin farin cikin shi ne, abin da aka koya ana iya barinsa, a koyi wani.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Naira 700 a rana, sau 30, Naira 21,000 ke nan a wata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka. A shekara ya haura Naira 250,000, wato ya kusa ninka bashin da ya hana ka barci. Ka kira shi "ɗan taɓawa" domin ɗari bakwai-bakwai yake fita, ba ka taɓa ganinsa a tare ba. Kamfanonin caca kuwa sun tsara lissafinsu ne yadda abin da jama'a suka zuba zai fi abin da za a biya, da haka suke biyan hayar shaguna da tallace-tallace. Annabi Haggai ya yi maganar mai karɓar lada yana zubawa a jaka mai huji, ya kuma ce wa mutanen su lura da al'amuransu (Haggai 1:5-6). Azuminka yana da kyau, ɗana, kada ka bari. Amma kana roƙon Allah ya cika jakar da kai da kanka kake hudawa kowace yamma.

Akwai labarin da nake so ka zauna da shi makon nan, 2 Sarakuna 4:1-7. Wata gwauruwa ce, mijinta mai tsoron Allah ne, yana cikin ƙungiyar annabawa, amma ya rasu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ka ga ashe tsoron Allah bai hana mutum barin iyalinsa cikin bashi ba. Da ta je wurin Elisha, bai ce ta kawo masa komai ba. Tambayarta ya yi, me take da shi a gida. Ta ce ba komai sai ɗan mai. Ya sa ta aro tandaye wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta su rufe ƙofa su yi ta zubawa. Da man ya tsaya, ya ce ta sayar ta biya bashinta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da abin da ya rage. Allah ne ya yi al'ajibin, babu shakka. Amma matar ta faɗi gaskiyar halin da take ciki, ta ƙirga abin da take da shi, ta yi aikin tare da mutanen gidanta, ta kuma sa biyan bashi a gaba. Waɗannan duka kai ma za ka iya.

Mafi wuya a ciki shi ne gaya wa matarka, kuma da shi za ka fara. Na san kana jin kunya. Amma saƙon da ya kai wayar dattijo zai kai tata, kuma gara ta ji daga bakinka. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka faɗa mata adadin duka, har da cacar, kada ka rage ko sisi. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, ka bar ta ta yi. Abin ɓoye shi ke ba wannan hali ƙarfi. Muddin kai kaɗai ka sani, za ka yi wa kanka alkawari da safe ka karya da yamma.

Daga nan ka goge manhajar caca a gabanta. Amma gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin hali yana da lokacinsa da wurinsa. Ka lura da sa'ar da hannunka yake kai wa waya: bayan tashi daga aiki ne, ko a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, ko in kana zaune da wasu abokai? Wannan sa'ar ce za ka cika da wani abu. Ka canza hanyar komawa gida in shagon yana kan hanya. Ka nemi mutum ɗaya a zumuntar maza, wanda ba ya yawo da magana, ka ba shi izini ya tambaye ka kowace Lahadi ko ka buga. In ka faɗi sau ɗaya, ka gaya masa a ranar, ka ci gaba. Kada ka ce tunda na karya shi ke nan.

Sai ranar albashi. Na daɗe da lura cewa kwana ukun farko su ne suke yanke hukuncin watan gaba ɗaya. Kafin kuɗin su shigo, ku zauna kai da maiɗakinka da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ku raba su a takarda: zakka, abinci, kuɗin mota, na makaranta, na bashi. Ranar da suka shigo, a ranar za a sayi masara da wake da manja, a miƙa mata kuɗin cefane a hannu, a tura na bashi. Abin da ya rage a wayarka ya zama kaɗan ƙwarai. Kowane dare kuma ku rubuta duk abin da ya fita, har katin waya da tsiren ɗari biyar. Bayan wata guda littafin zai nuna muku wasu hujojin da ba ku sani ba.

Game da bashin, Naira 21,000 da caca take ci, in ka ƙara 4,000, ya zama 25,000 a wata. Cikin wata shida ka gama, in ruwan bai ci gaba da hawa ba. Don haka ka kira masu manhajojin, ku daidaita yadda za ka biya, ka ajiye shaidar kowane biya. In akwai ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a wurin aikinka, wadda take cirewa daga albashi da ruwa mai sauƙi, wannan ne kaɗai rancen da zan yarda ka karɓa, sau ɗaya, da sanin matarka, a biya manhajojin uku a goge su a ranar. Ka sani kuma cewa tura wa mutane saƙon cin mutunci ba hakkinsu ba ne. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, tun 2022 take ɗaukar mataki a kan masu yin haka, kana iya kai ƙara. Amma abin da ka ci ka biya, domin Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake ci bai biya ba. Ka je wurin dattijon nan da ƙafarka ka yi masa bayani.

In ka fita daga bashi, wani zai zo maka da hanyar ninka kuɗi cikin wata guda, wataƙila ma ɗan'uwa ne a coci. Ka tuna da tsare-tsaren ninka kuɗi da suka rushe, MMM a Disamba 2016 da CBEX a Afrilu 2025, da yawan masu bi da suka rasa kuɗin makarantar 'ya'yansu. Wannan ƙanwar caca ce. Karin Magana 13:11 ta ce dukiyar da aka tara kaɗan-kaɗan ita ce take ƙaruwa. Ka ci gaba da ware 25,000 ɗin nan ko bayan bashin ya ƙare, da kaka ka sayi buhun masara lokacin da take araha, ka ajiye don watannin Yuli da Agusta. Ka rubuto mini bayan ka yi magana da matarka, ina so in ji yadda kuka yi. Ina yi muku addu'a.

TAMBAYA

Mama, ina sayar da ƙosai da kunu a Billiri. Ina cikin adashe biyu, amma duk lokacin da na kwasa sai ya tafi a anko da gudummawar biki da kayan Kirsimeti. In ban yi anko ba sai a ce ba na son zumunci. Yaya zan yi?

'Yarki daga Billiri

AMSA

'Yata, rigar Zumuntar Mata guda ɗaya ta isa ki shiga kowane taro da mutuncinki. Ankon biki kuwa ba dole ba ne, ki zaɓi na 'yan'uwa na kusa, sauran ki je da zanen da kike da shi, ki kama musu aikin girki. Wadda kika tsaya mata a bakin murhu tun asuba ba za ta ce ba kya son zumunci ba.

Adashe biyu kuma ki ba kowanne aikinsa tun kafin ranar kwasa. Ɗaya na jari ne, ranar da kika karɓa ki wuce kasuwa ki sayi wake da gero da mai kafin ki shiga gida, domin kuɗin da suka kwana a ɗaki kowa yana da buƙata a kansu. Ɗayan ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki a Nuwamba, shi ne na Kirsimeti da biki, in ya ƙare ya ƙare. Ki kuma raba kuɗin ƙosai da na cefane a jaka biyu, ki riƙa biyan kanki ladan aiki kowace rana daga riba, don ki san ko sana'ar tana ciyar da ke ko jarin kike ci.