Littafi ya sa ni kukan da ban yi ba ranar rasuwar ɗana

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ɗana na fari ya rasu bara waccan, zazzaɓi ne ajalinsa. Ranar ko ɗigon hawaye ban zubar ba, kin san ɗan fari, ga kuma surukata zaune a ɗakin. Kwanan baya ƙanwata ta turo min wani littafi ta WhatsApp. Da na kai inda uwar take ninke kayan makarantar ɗanta bayan an kai shi makwancinsa, sai kuka ya ƙwace min har asuba. Maigida ya ce rashin tawakkali ne, in daina karance-karancen nan. Na yi laifi ne?
Wata uwa, Funtuwa

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri. Ƙanwata, ba ki yi laifi ba. Kukan nan tun ranar rasuwa yake ƙirjinki, kara ce ta danne shi, marubuciyar kuwa ta taɓa inda yake. Ina ganin mutuncin alkunyarmu, amma tana cutar iyaye mata a kan ɗan fari: ba a kiran sunansa yana raye, ba a yi masa kuka ya mutu.

Ki tuna wa maigida cikin ladabi cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hadisin yana cikin Bukhari. Annabi Yaƙub kuwa idanunsa har fari suka yi saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, duba aya ta 84 a Suratu Yusuf. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska da yage tufafi. Kuma kada ki riƙe maigida a rai, shi ma ɗa ya rasa, wataƙila ganin hawayenki ne yake fama masa nasa ciwon.

Ki ƙarasa littafin, amma da rana, ba cikin dare ke kaɗai ba. Ki zauna da wannan ƙanwar taki ku yi hirar yaron, ki ambaci sunansa da bakinki. In kuma makonni suka shuɗe ba barci, ba cin abinci, aikin gida ya gagare ki, to ki je asibiti ki gaya wa likita komai, ciwon damuwa yana da magani.