Wata huɗu tana shan maganin ƙarin jini, har yanzu ba sauƙi

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 62, tana da ciwon suga, ta daɗe tana shan metformin. An ce jininta ya yi ƙasa, muka sayo mata jar ƙwayar nan ta ƙarin jini a kemis. Wata huɗu ke nan kasala ba ta sake ta ba, ga tafin ƙafarta kamar ana tsira mata allura. Ina muka kuskure?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiya.

Ƙwayar da kuka saya galibi sinadarin ayan ce, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, kuma ba kowane ƙarancin jini ne ayan ke gyarawa ba. A ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kowace ta yi kwana kusan 120 ta mutu, a sake wata. Kafin su rarrabu su yawaita, dole sai da bitamin B12 da folik asid. In ɗaya ya yi ƙaranci, sai ɓargo ya riƙa fitar da ƙwayoyi ƙatti amma 'yan kaɗan, masu saurin lalacewa. Ko an yi shekara ana shan ayan, jinin ba zai hau ba.

Bayanin da kika yi ya sa na fi zargin B12. Daɗewa ana shan metformin yana rage yadda hanji ke tsotse shi, tsufa ma haka, haka kuma maganin olsa irin omeprazole in an daɗe a kai. Hanta tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa matsalar ke zuwa a hankali ba a farga ba. Tsirar ƙafar nan kuwa ita ta fi damuna. Da yawa akan ɗora wa suga, alhali rashin B12 ma yana cin jijiyoyi, ya kawo mantuwa, tangaɗi a tafiya, da harshe ja sumul mai zafi.

Don Allah kada ku ce bari mu ƙara mata folik asid kawai. Zai iya ɗaga jinin a takardar gwaji, jijiyoyi kuwa su ci gaba da lalacewa a ɓoye, wani lahanin ma ba ya komawa.

Ku kai ta asibiti a yi cikakken awon jini, ba PCV (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini) kaɗai ba, a duba girman ƙwayoyin, a auna B12, a kuma duba ƙoda. In ya tabbata, likita zai ɗora ta kan allura ko ƙwaya mai ƙarfi. Kada ta daina metformin da kanta.

A gida, B12 yana cikin hanta, nama, kifi, ƙwai da nono. Ganye ba ya ba da shi. Folik kuma yana cikin alayyahu, zogale, wake da gyaɗa, sai dai doguwar dahuwa na kashe shi, don haka a zuba ganye dab da sauke miya. Idan gwaji ya nuna tana buƙatar ayan ɗin ma, ta haɗa shi da lemo ko gwaiba, ta jinkirta shayi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.