Jibin Ubangiji a ɗaki, ke kaɗai?

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi ya fi sau ɗaya. Kin ce yanzu ta waya kike bin sujada, kina tambaya ko laifi ne ki ajiye burodi da ruwan inabi a ɗaki ki ci jibi, wato Jibin Ubangiji na tunawa da mutuwar Yesu, ke kaɗai, tunda magana ce tsakaninki da Ubangijinki. Can ƙasa kuma kika ɗan taɓo cewa akwai wata a ƙungiyar mawaƙa da ba kwa ga maciji da juna. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Ba ni da hurumin ce miki zunubi ne. Amma tuna gidan kakanki. A akushi ɗaya ake cin tuwon dare, wanda kuwa ya ja nasa ya koma lungu, an san ko ciwo ne ko fushi. Ubangiji Yesu ma, a daren da aka bashe shi, bai ƙulle wa kowa rabonsa ya ce ya tafi da shi gida ba. A bene ɗaya suka zauna shi da almajiransa a Urushalima, lokacin Idin Ƙetarewa, ya gutsuttsura gurasa ya ba su, ƙoƙo ya zagaya. Bitrus da zai yi musun saninsa kafin zakara ya yi cara yana cikinsu.

Buɗe 1 Korintiyawa sura 11. Ranar jibi fastoci sun fi farawa daga aya 23, ke ki faro daga 17. Korinti birnin 'yan kasuwa ne a Girka, masu bi a gidaje suke taruwa, jibin kuma cikin cin abinci na sosai ake yinsa. Masu hali sai su riga su ci su ƙoshi, wani har ya bugu, talaka yana zaune da yunwa. Manzo Bulus bai ce addu'arsu ce ta karkace ba. Cewa ya yi abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, sun raina ikilisiya, sun kunyata marasa abin hannu. Maganin da ya ba su a aya 33 shi ne su jira juna. A sura 10 aya 17 ya riga ya faɗi dalili: gurasar ɗaya ce, saboda haka mu da muke da yawa jiki ɗaya ne.

Ina saurayi, a cocin ƙauyenmu, dattawa biyu sun shekara ba sa gaisawa kan iyakar gona. Wata Lahadi an yaye farin ƙyallen da ke kan tebur, fasto ya karanta Matiyu 5:23-24, inda aka ce ka bar baikonka ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Sai ɗayansu ya miƙe, ya ratsa benci, ya dafa kafaɗar ɗayan, suka fita. Muka yi ta jira, ba wanda ya ko yi tari. Da suka dawo idanunsu jawur, kusa da juna suka zauna, hannun wannan ne ya miƙa wa wancan faranti. Na manta wa'azin ranar, wannan kuwa har gobe ina ganinsa.

'Yan'uwanmu na cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da aikinsu ya faro a Garkida a 1923, har wanke wa juna ƙafa suke yi, bin Yohanna 13. Ƙafar wa za ki wanke ke kaɗai a ɗaki?

In ciwo ne ya kwantar da mutum, fasto da dattawa su ke ɗaukar jibin su kai masa har gado, su ci tare. Ke kuwa ƙafarki lafiya lau. Ki nemi yarinyar nan kafin Lahadin jibi mai zuwa, ko da ita ce ta yi miki laifi. In abin ya yi miki nauyi, ki tafi da wata babba daga zumuntar mata. Ki kira ni bayan kun gana, ina so in ji da kunnena. Goggonki tana gaishe ki.