Yayana ya sayo min jitar lantarki, ni kuwa zuciyata na wurin tsohuwar jitar Baba

Gwaggo, barka da aiki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Jos, sana'ata gyaran wayar salula. Ƙila ki yi dariya in kin ga abin da na kawo, tunda mutane kan rubuto miki ne a kan aure da kishi da rabon gado, ni kuwa tawa damuwar a kan jita ce. Amma ta hana ni sukuni.

Tun ina ɗan shekara 13 nake kaɗa jitar akwati, wato mara wuta, wadda marigayi mahaifinmu ya bari. Ta tsufa. Gabanta ya goge daidai inda hannunsa ke sauka, akwai ma tsagewar da hunturun wata shekara ya yi mata kusa da bakin ramin. In na rufe shago da dare nakan zauna a ƙofar ɗaki in rungume ta, sai in ji kiɗan yana ratsa haƙarƙarina tun kafin ya kai kunnena. Ban taɓa cewa bari in yi gwaji da ita ba. Ɗauka kawai nake yi, sai in ga dare ya raba.

Wata bakwai da suka wuce wasu abokaina masu ƙungiyar kiɗan biki suka ce in shigo cikinsu, amma sai da jitar lantarki, don in ganguna da fiyano suka tashi ba mai jin tawa. Yayana direban babbar mota ne. Da ya ji labarin bai ce min komai ba, ashe kuɗi yake tarawa. Ran nan sai ga shi da jita ta hannu, ja, da ƙaramin amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti. Ya ajiye a gabana ya ce, “Ka ga abin da Baba bai samu ba.” Na yi godiya har da hawaye.

To Gwaggo, ga ta can cikin jakarta a bayan ƙofa. In na ɗauke ta sai in ji kamar ba hannuna ba. Abin da nake kaɗawa ido rufe a tsohuwar, a nan sai ya cakuɗe. Kuskure kaɗan sai ta yi shelarsa ga duk gidan, ga shi gidan haya ne mai ɗaki takwas. Sautin kuma daga can lungu yake fitowa, kamar wani ne ke kaɗawa ni ina kwaikwayo. Kafin in warware igiya in jona in murɗa wannan in murɗa wancan, sha'awar ta gudu, ko a ɗauke wuta. Wani lokaci ma in ina kaɗawa da janareta nakan ji tsirkiyar tana ɗan tsikarar yatsuna.

Na gwada raba musu kwana kamar mai mata biyu, yau wannan gobe waccan. Ranar amarya sai in ƙirƙiri aiki a shago in ƙi dawowa da wuri. Ga shi mun karɓi kafin alƙalami na biki uku a Disamba. Yaya kuma duk sanda ya bugo daga hanya tambayarsa ɗaya ce, “Ya jar jitar?” Ni kuma in ce lafiya lau.

Lalaci ne ke damuna, ko sabo ne da ake cewa turken wawa? Ta yaya zan sa kaina in so ta? Ko in sayar in mayar masa da kuɗinsa?

Ɗanki daga Jos.

*

Ɗana,

Ban yi dariya ba sai da na zo wurin rabon kwana. Jita ba mace ba ce, ba ta da kwana a kanka, ba kuma wanda zai kai ka gaban alƙali don ka fifita ɗaya. Ka soke wannan tsarin tun yau. Shi ya mai da jar jitar hukunci, ya kuma sa kake jin kunya duk ranar da ka ɗauki ta Baba.

Ba lalaci ba ne. Malalaci ba ya raba dare yana kiɗa shekara goma sha ɗaya. Kuma ba zan ba ka maganin da zai sa ka so ta ba, don ba ni da shi, kai ma ba ka bukatarsa. Kana son abin narka dalma da kake aiki da shi a shago? Kana dai goge shi, ka san zafinsa, ka san inda zai ƙone ka. Jar jitar nan kayan aiki ce, da niyyar aiki ma aka ƙirƙiro irinta. A Amurka, wajen 1930, masu jita na zaune cikin manyan ƙungiyoyin busa da ganguna ba mai jin su, daidai abin da abokanka suka faɗa maka, sai aka nemo yadda za a ɗaga muryarsu. Leo Fender, wanda ya fito da samfurin jitar lantarki mai suna Stratocaster a 1954, asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Ka ga ɗan'uwanka ne a sana'a.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, na ga makaɗa da yawa sun yi wannan ƙaura, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke tuntuɓe: su ɗauki sabuwar da hannun tsohuwar. A jitar akwati kai ne injin. Ƙarfin hannunka ke girgiza katakon gaba, iskar cikin ramin ta amsa, shi ya sa kake jin ta a haƙarƙari. Ta lantarki kuwa gungumen katako ne mara rami. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiya ta motsa a kansa sai ya haifar da 'yar wuta ƙanƙanuwa, amfilifaya ya kumbura ta. Ba ruwansa da abin da ka yi niyyar kaɗawa. Duk abin da ya motsa zai ɗauka, har gogar hannun rigarka.

Saboda haka abin da za ka koya a nan raguwa ce. Tsirkiyar jitar Baba mai yiwuwa lamba 12 ce, mai kauri, yatsunka sun yi kanta a kanta. Ta lantarki yawanci lamba 9 ce ko 10. In ka danne ta da ƙarfin da ka saba, sai ta miƙe fiye da kima, sautin ya hau sama kaɗan, ka zaci jitar ce ba ta saitu ba. Ka sassauta yatsa har sautin ya fara dushewa, sannan ka ƙara kaɗan. Nan ne wurin, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantar ƙarfin da ake bukata. Sai kuma shara. Ka saba share tsirkiya shida gaba ɗaya don kai kaɗai ne ke cika ƙofar ɗaki da kiɗa. A cikin ƙungiya mai fiyano ya riƙe tsakiya, ganga ta riƙe ƙasa. Tsirkiya biyu ko uku sun ishe ka, sauran ka kwantar musu da gefen tafin hannunka na dama su yi shiru. Rabin iya jitar lantarki iya hana ta magana ne. In har yanzu kana jin tsirkiyar kamar zare a hannunka, ka kai wa mai gyara ya sa maka lamba 11, amma ka ce ya daidaita wuyan, don kauri na ƙara jan sa.

Maganar sauti daga lungu ta fi komai taɓa ni a wasiƙarka, don ita ce ainihin kewar. Ba za ka maido da ita duka ba, kada in yaudare ka. Amma wa ya ce amfilifaya ya zauna a lungu? Ɗora shi kan kujera dab da kai, bakinsa na kallon kunnenka, ka rage ƙara. Kashe duk abin da ke sa sautin ya yi gurnani. Akwai ɗan makunni a jikin jitar da ke zaɓar wane maganaɗisu ke aiki. Tura shi zuwa na kusa da wuya, ka murɗa abin daidaita kaifin sauti baya kaɗan. Ka ajiye 'yar robar kaɗawa, ka sa yatsunka yadda kake wa ta Baba. Sannan ka kaɗa waƙar da ka fi sani a duniya, a hankali, ka bar sauti ɗaya ya yi ta tafiya har ya mutu da kansa. A ta akwati da tuni ya ɗauke. Wannan dogon numfashi, da yadda za ka iya tura tsirkiya da yatsa ta yi kuka kamar goge, su ne abin da jar ke da shi wanda tsohuwar ba ta da shi. In akwai ranar da za ta shiga ranka, ta wannan ƙofar za ta shigo.

Ka kuma fitar da ita daga jaka. Jitar da ke bayan ƙofa a zuge ba a kaɗa ta, ko ta wane ce. Ka jingine ta inda hannunka zai kai, igiyarta a jone. In babu wuta ka kaɗa ta haka nan. Tana da 'yar murya siririya da ta isa gwajin yatsu, maƙwabta ma ba za su ji ba. Akwai ƙananan amfilifaya masu batir da ake makalawa a jikin jita a saurara ta abin kunne, kai da ke harkar waya ba sai na kwatanta maka inda ake nema ba. Minti 20 kullum, a kan waƙoƙin da za ku yi a bikin kaɗai, kafin ka taɓa ta Baba. In ka gama, dare naka ne da tsohuwarka.

Yanzu tsikarar nan da ka ambata kamar ba komai ba. Kada ka sake ɗaukarta wasa. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin igiya, in wutar ba ta da hanyar zuwa ƙasa yadda ya kamata, ko amfilifayan na da lahani, to jikinka ne hanyar. Wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, haka ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Ka kai amfilifayan nan wurin mai gyaran lantarki ya duba kafin ka ƙara jona shi. Kada ka kaɗa ba takalmi a kan siminti, balle mai danshi, kuma a wurin biki kada ka kama makirfo da hannu ɗaya alhali ɗayan na kan tsirkiya sai an tabbatar da wayoyin. Ni ina ma zargin wani ɓangare na ƙin da kake mata daga nan ya fito. Wa zai yi marmarin rungumar abin da ke cizonsa?

Batun sayarwa, a'a, ba yanzu ba. Kun karɓi kafin alƙalami, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya san sauran. Ka yi bikin nan uku da ita. Ba a san jitar lantarki a ɗakin haya ba, inda kake tsoron tari ma kada a ji. Sai a fili, ganga na dukan bayanka, mata sun shigo rawa, ka taɓa tsirkiya ɗaya ka ga ta kai har ƙarshen rumfa. Bayan Disamba ka yi wa kanka hisabi. In har lokacin ba ta kwanta maka ba, akwai hanya ta uku: jitar akwati mai na'urar ɗaukar sauti a ciki, da ake jona ta a lasifika. Tana da halinta, takan yi kuwwa in ƙara ta yi yawa, sai an toshe ramin da murfin roba. Amma kada ka huda ta Baba don wannan, kada ma ka riƙa yawo da ita cikin ƙurar hunturu tunda ta riga ta tsage.

Kuma fifita mara wuta ba ci baya ba ne, ko da abokanka sun ce haka. Makaɗin jita Ali Farka Touré na Mali ya riƙe duka biyun har ya rasu a 2006. 'Yan Tinariwen, Abzinawan da duniya ta sani da jitar lantarki, da suka koma hamadar kudancin Aljeriya suka yi faifai mafi yawansa da jitar akwati, shi ya ciyo musu Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2012. A garinku ma, Ɗan Maraya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Saura Yaya, wanda a ganina shi ne rabin nauyin da kake ji in ka kalli jakar nan. “Lafiya lau” ɗin da kake ce masa ita ke ƙara mata nauyi kullum. Mutumin da ya yi ta kwana a hanya yana tara kuɗi a ɓoye ba rasit yake nema ba. In ya sake bugowa ka ce, “Yaya, tana ba ni wuya, ashe ba irin ta Baba ba ce, amma ina fama.” Ka faɗa masa ranar bikin farko, ka ce in motarsa ta biyo ta Jos ya tsaya ya ji. Daga nan ka rubuto min yadda aka yi, da abin da mai gyaran lantarki ya gano a cikin amfilifayan.

Gwaggonka.